Ƙarin Da Ya Sauya Wa Malam Sanda Kama

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Sunana Asma'u, a gida ana ce mini Nana. Malamar firamare ce ni a Tambuwal. Labarin ciwon maigidana zan bayar, Malam Sanda, ma'aikacin lafiyar dabbobi da ke aiki a Kebbe. Na rubuta shi ne saboda wanda ke zaune da irin wannan ciwo a cikin gidansa yana yi masa kallon ƙiba.

Ranar da aka tantance ma'aikata ya dawo ransa a ɓace. Ko zama bai yi ba ya miƙo mini katin aikinsa.

"Nana, dubi wanga hoto. Wa na?"

"Kai na mana."

"To, mutumin da anka aje bisa tebur ya ce ba ni ba na. Wai in tai in kira mai katin. Sai da shugabanmu yaz zo yas shaide ni."

Na yi dariya, na ce mutumin ne ke bukatar tabarau. Da ya fita masallaci na sake ɗaukar katin. Na cikin hoton siririyar fuska gare shi, hanci a tsaye, leɓɓa sirara. Wanda ya fita yanzu kuwa goshinsa ya turo, haɓarsa ta yi gaba, hancin ya baje. Na jefa katin a jakata, na koma wanke-wanke, amma kwano ɗaya sai da na wanke shi sau biyu.

Ba wai ban ga komai ba a shekarun nan. Na gani, sai dai kowane abu da fassarar da muka ba shi. Takalminsa ya matse, ya sayi babba, shi ma ya matse, har ya koma sai an ɗinka masa. Muka ce yawon ruga ne ya buɗa ƙafar. Zoben azurfar da ya gada wurin mahaifinsa sai da maƙeri ya yanke shi daga yatsa. Hulunansa duk ya rabar. Haƙoransa na ƙasa suka rarrabu. Zufa kuwa, ko da sanyi sai ya sauya riga sau biyu a yini. Muryarsa ta yi kauri har ɗiyarmu Hafsatu ke cewa in Baba ya yi sallama ƙyaure rawa yake. Mutane suna ce masa albashi ya karɓe shi. Da aka ce yana da ciwon suga da hawan jini, sai muka ɗora komai a kansu.

Akwai kuma wanda ban iya gaya wa kowa ba. Kusan shekara uku Malam ya janye jiki daga gare ni. Ba faɗa, ba gori, ci da sutura ban rasa ba, amma mun koma kamar wa da ƙanwa. Na zarge shi. Na binciki wayarsa, na shinshina rigunansa in ya dawo daga Kebbe. Har yaji na taɓa yi, kwana tara a gidanmu na Jabo, ban iya faɗa wa mahaifiyata dalili ba. Ya zo biko, aka tambaye shi laifinsa a zaure, ya ce bai sani ba. Ashe gaskiya ya faɗa.

Wata biyu bayan tantancewar aka kira ni ina aji: Malam ya faɗi da babur a hanyar Kebbe. Garken shanu ne ke tsallakowa daga hagu, da rana tsaka, a fili fetal, ya shige cikinsu. Allah ya taƙaita, targaɗe ne da ƙujewa. Mai shanun ya san shi shekara da shekaru, shi ne ma ya kawo shi gida. Ya ja ni gefe.

"Malama, na ɗaga mai hannu, na yi mai magana. Ko waiwayowa bai yi ba. Kamar babu mu ga hanyar."

Shi kuwa Malam ya ce bai ga ko saniya ɗaya ba sai da ya ji shi a ƙasa.

Daga nan gida ya cika da shawara. Yayansa Alhaji Mode, mai sayar da hatsi, wanda shi ne babba tun rasuwar mahaifinsu, ya ce rufa-ido aka yi masa, akwai mai neman kujerarsa. Inna, mahaifiyarsu, ta aiko da rubutu da hayaƙi. Wani ya ce jini ne ya taru a ƙeya, aka kira wanzami ya yi ƙaho. Ni ma na turara, na shafa, don ba ni da abin da ya fi. Sati uku muka yi a haka. Ciwon kai yana ƙaruwa, yana bangazar ƙofa da kafaɗa, in na ajiye masa kofi a gefe sai ya yi ta lalube.

Ni na matsa muka tafi birni wurin likitan ido. Mun bar Tambuwal da sassafe, ba mu shiga ba sai bayan azahar. Mace muka samu, matashiya, Likita Safiya. Ta sa shi karanta haruffa. Idon dama ya karanta, na hagu da ƙyar. Ta ce ya kalli hancinta, ta riƙa kawo yatsa daga gefe. Sai da yatsan ya zo gaban fuskarsa sannan ya ce ya gani. Daga nan ta bar duba ido, ta koma kallon hannayensa da ke kan gwiwa.

"Malam, haka hannunka yake tun asali?"

Ban san lokacin da na zaro katin daga jaka ba. Ta dubi hoton, ta dube shi, ta sake duban hoton.

"Ciwon nan ba a ido yake ba," in ji ta. "Tabarau ba zai yi masa komai ba. Wurin likitocin ƙwaƙwalwa zan tura ku."

Malam ya gyara zama. "Likita, hankalina ɗaya fa."

"Na sani. Ba maganar hankali ba ce. Amma kada ku je gida ku zauna."

Ba mu zauna ba, sai dai asibiti ya zaunar da mu. Rana ɗaya a mako suke ganin sababbin marasa lafiya, kuma ta wuce mu da kwana guda. Sati na biyu aka gan mu, aka rubuta hoton kai, muka tarar injin ya lalace. Aka ce mu dawo Litinin, muka dawo, aka ce ana jiran mai gyara. Sati na uku Malam ya sayar da bijiman huɗarsa biyu ana gab da damina, muka yi hoton a asibitin kuɗi. Jinin da aka ɗiba kuma sai an aika wani gari. Kwana goma sha biyu muna jira. Ni dai na kasa zama wuri ɗaya. Ina rubutu a allo ina duba waya. Na san kowane rami na hanyar birni, direbobin tasha suka daina tambayata inda za ni. A asibiti har masu shara nake tarewa in tambaye su ko sun taɓa ganin mai irin wannan ya warke.

Ranar da muka ga babban likitan tiyata, wani dattijo mai magana a hankali, ya ɗora hoton a allo mai haske ya nuna da biro.

"Akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ba ta wuce ƙwayar wake ba. Sunanta fituwitari. Ita ke ba jiki umarnin girma. To, ƙari ya fito a jikinta, ya kai goro, yana ta ba da umarnin girma ga mutumin da ya riga ya gama girma. A samansa kuma jijiyoyin ido suka gitta, ya danne su. Sugan nan ma da hawan jinin, ina zargin shi ne."

Na rubuta kalmar a tafin hannuna don kada in manta. Sai ya rage murya.

"Malam, tsakaninka da iyali fa?"

Malam ya sunkuyar da kai.

"Shi ma aikin ƙarin ne," in ji likita. "Ba laifinka ba ne, ba laifinta ba ne."

Na rasa inda zan sa idona. Kwana taran nan na Jabo suka faɗo mini a rai.

Likita ya ce ba za a fasa kai ba, ta hanci za a bi a ciro shi. Idon dama yana sa rai, na hagu ba zai yi alkawari ba.

Muna fitowa Likita Safiya ta same mu a baranda da takardu. Ta ce ita da likitocin ƙwaƙwalwa suna wani bincike. Masu wannan ciwo ba sa zuwa sai ido ya taɓu, suna so su gane ko tsofaffin hotuna za su nuna lokacin da yake farawa, su kuma nazarci ƙarin kansa. Abu uku ta roƙa: hotunan Malam na shekarun baya, ɗan jini kafin aiki da bayansa, da izinin ajiye yanki daga abin da za a ciro. Da Hausa ta karanta mana takardar, layi-layi.

"In kun ƙi, babu abin da zai canza a aikinku, ko wurinku a layi. In kun yarda, ba biyan ku za a yi ba, kuma mai yiwuwa ba ku zai amfana ba, sai na bayanku. Sunansa ba zai fita ba. Ku je ku yi shawara."

Alhaji Mode na jin zancen ya ajiye kofin shayinsa.

"Ashe gwaji za su yi da kai. Naman musulmi a aje shi cikin kwalba? Abin da anka cire ga jikin mutum bisne shi aka yi. Ban yarda ba."

Ni ma raina bai kwanta ba. Washegari na hau mota ni kaɗai na koma birni don tambaya ɗaya: in ya sa hannu, ɗalibai ne za su koyi aiki a kansa? Ta ce babban likita ne zai yi da hannunsa, ko an sa hannu ko ba a sa ba. Malam kuma ya je wurin limamin unguwarmu, wanda ya ce shi bai ga laifi ba in don neman magani ne, amma jikin nasa ne, shawara tasa ce. Da yamma ya sami yayansa a ƙofar gida, ina jin su daga zaure.

"Yaya, shekara ashirin nika ɗibar jinin shanun mutane in aika a auna, don garken wani ya tsira. Ba mai shanun da yat taɓa hana ni. Yau an zo kaina in ce a'a?"

"Kai ba sa ba na."

"Awo. Shi yas sa anka tambaye ni."

Alhaji ya kaɗe rigarsa ya ce, "Kai ka sani," ya tafi. Kwana huɗu bai leƙo mu ba.

Malam ya sa hannu a takardar, neman hotuna ya koma kaina. Na je Jabo na kwance akwatin mahaifiyata, na je Kebbe abokan aikinsa suka ba ni na taro biyu. Na ƙarshe yana rataye a ɗakin Inna. Ta sauko da shi da kanta, ta goge da gefen zane.

"Na daɗe da gani, ɗiyata. Na ɗauka kakansa yaɗ ɗauko, shi ma ƙato na."

Hoto goma sha ɗaya na kai. Likita Safiya ta jera su a tebur daga na aurenmu zuwa na bara. A jere haka, ko Hafsatu za ta gane. Fuskar tana buɗewa kaɗan-kaɗan, hannun da ke riƙe da sanda ko takarda yana kauri. Ta ɗora yatsa a kan na ranar sunan Hafsatu.

"Ina jin daga nan ya fara."

Shekara takwas ke nan. A hoton ina zaune kusa da shi, kafaɗata na taɓa tasa, ina murmushi.

"Likita, da mun zo lokacin fa?"

"Da idon bai taɓu ba."

Ba ta sassauta ba. Na ji haushinta ranar, har na ƙi yi mata sallama. Yanzu kuwa ina gode mata, don ita kaɗai ce ba ta taɓa lallashina da abin da ba shi ne ba.

Sau biyu ana ɗaga aikin. Na farko suga ya hau. Na biyu an riga an hana shi abinci, an sa masa rigar tiyata, aka ce babu gado a ɗakin kulawa ta musamman, an kawo wanda ya yi hatsari. Na yi faɗa a barandar nan har wata nas ta ce in na ƙara za a fitar da ni. Malam ne ya ce, "Nana, wancan ya fi ni bukata, bari." A karo na uku, ranar Laraba da hantsi, aka tura shi. Wanda na fara gani a bakin ƙofar tiyata Alhaji Mode ne, auduga manne a hannunsa. Ashe tun da safe ya zo ya ba da jini. Bai ce mini komai a kan takardar binciken ba, ni ma ban ce ba. Awa biyar yana zaune da carbi, ni kuwa na auna barandar nan da ƙafa har ƙasan takalmina ya ɗumama.

An fito da shi hanci cushe da auduga, yana numfashi ta baki. Babban likita ya ce an ciro mafi yawa, an bar ɗan abin da ya manne wa jijiyar jini. Kwana na biyu ƙishirwa ta taso masa. Ya sha, ya sha, fitsari kamar an buɗe famfo. Aka ce 'yar tsokar ce ta ji taɓi, aka ba ni moɗa mai lamba in riƙa auna abin da ya sha da abin da ya fitar. Nas biyu ne a kan ɗaki guda cike da gadaje, saboda haka mai jinya shi ne nas na uku. Maganin da aka rubuta babu shi a asibiti, Alhaji ya zaga kemis shida kafin ya samo. Wadda ta yi barazanar fitar da ni kuwa, ita ce ta koya mini yadda zan jiƙa masa leɓɓa, ita ce kuma ta ba ni tabarmarta.

Kwana na huɗu ina ba shi kunu, yana kallon gabansa, ya ce, "Labulen can na dama kore na?"

Kore ne. Bai juya kai ba ya gan shi. Na ajiye kofin. A nan, a gaban mutane, na ce masa ya yafe mini tafiyar Jabo da duk abin da na saƙa a raina.

"Ni ya kamata in roƙe ki," ya ce, muryarsa na fita ta baki kawai. "Na san wani abu ya same ni. Kunya ta hana ni tai asibiti in faɗi."

Kwana tara aka sallame mu da dokoki. Ba fyace hanci, ba shaƙa ruwa a alwala, ba ɗaukar kaya, ba sujada har sati shida. Wannan ta ƙarshe ta fi yi masa ciwo. A kujera yake salla yana hararar darduma. Awon ƙarin ya fito, ba daji ba ne. Zufa ta tsaya, suga ya sauka, hannaye suka saɓe. Ƙashi kuwa an ce inda ya kai nan zai tsaya. Akwai ƙwayar da zai riƙa sha kowace safiya, akwai awon jini da hoto lokaci-lokaci saboda ragowar da aka bari. Tsakaninmu kuma, alhamdu lillahi, ba zan ƙara a kan haka ba.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: babban mutum ba ya ƙara girma. In takalmi da zobe da hula suka matse wa wanda ya haura talatin, in haƙora suka rarrabu, in yana karo da abin da ke gefensa, a ɗauko tsohon hotonsa a kai shi asibiti tare da hoton. A yi rubutu, a yi addu'a, amma a tafi. Maza kuma, abin da kuke jin kunyar faɗa, likita ya ji irinsa kafin naku.

Wata uku bayan aiki muka koma awon ido. Likita Safiya ta daɗe tana haska na hagun. Da aka tura Malam ɗibar jini na tsare ta, ta ce jijiyar ta riga ta bushe, ba zai dawo ba. Ta so ta gaya masa da ya dawo, na roƙe ta ta bar ni in faɗa a gida.

"Haƙƙinsa ne ya sani," in ji ta. "Kada ki wuce sati. Kuma na hana shi babur, ki tsaya a kan haka."

Na wuce sati. Kullum in shirya maganar a hanyar makaranta, in na dawo na same shi yana wasa da Hafsatu sai in haɗiye. Na rame fiye da lokacin da yake kwance. Rana ta goma sha biyu, Litinin da safe, na fito da jakata na tarar ya turo babur tsakar gida yana goge shi da tsumma.

"Malam, ina za ka?"

"Kebbe. An fara allurar shanu, mutane na jira na."

Na riƙe kan babur ɗin da hannu biyu. Duk abin da na shirya ya gudu, sai na faɗa a yadda ya zo: idon hagu ya tafi, likita ta gaya mini, kwana goma sha biyu ina ɓoye masa.

Ya ci gaba da goge madubi har ya gama. Ya ninke tsumman.

"Na sani tun randa anka cire audugar hanci. Kullum da safe nika rufe na dama in gwada. Na ga kina murna da labule, shi yas sa ban faɗi ba."

"Ka sani, kuma za ka hau?"

Ya daɗe hannunsa na kan sirdi. Sannan ya zare makulli ya miƙo, amma ba daidai inda nake ba, sai da na kai hannu na karɓa.

"Ki biya ta kasuwa ki ce ma Yaya ya samo wanda za ya riƙa kai ni. Allurar dai hannuna na iya ta." Ya ɗan juya kai yana nemana. "Kin tsaya inda ba ni ganin ki, Nana. Zagayo ta dama."

Na zagaya.